Darasi na Bakwai: Kogin Kumadugu Yobe da Tafiyarsa Zuwa Tafkin Chadi

Manufofin darasi

Idan an kammala wannan darasi, ana so mai koyo ya iya:

1. bin kogi da baki ko a kan taswira, tun daga mafarinsa har zuwa mashigarsa;
2. bayyana abin da ya sa Kumadugu Yobe ke raguwa maimakon ƙaruwa yayin da yake gangarawa;
3. yin ƙaramin lissafi a kan ruwan sama, gangara, gudun ruwa da ƙafewarsa;
4. faɗin yadda aikin mutanen sama ke shafar mutanen gangare.

1. Ruwan wa ke wucewa?

A watan Oktoba damina ta riga ta yi sallama a Gaidam. An yanke gero, kara ya bushe, sararin sama fes. Amma idan ka gangara bakin kogi sai ka tarar ya cika maƙil, har yana neman hawa gonaki. Ina wannan ruwa ya fito, alhali an yi makonni ba a ga ɗigon ruwan sama ba?

Amsar ita ce ba ruwan Gaidam ba ne. Ruwa ne da ya sauka a kan duwatsun Jos da tuddan kudancin Kano tun cikin Yuli da Agusta, sai yanzu ya iso. Kogi hanya ce da ruwa ke bi daga tudu zuwa kwari, kuma kamar kowace hanya yana da inda ya faro da inda ya ƙare.

Kumadugu Yobe haɗin gwiwar koguna biyu ne. Na farko shi ne kogin Haɗeja. Shi ma koguna biyu suka haife shi: kogin Kano da kogin Chalawa, waɗanda suka haɗu a wajen Tamburawa, kudu da birnin Kano. Daga nan ruwan ya bi ta Wudil, ya wuce Ringim, ya isa Haɗeja. Na biyu shi ne kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunin Jos, ya ratsa jihar Bauchi, ya bi ta ƙasar Katagum. Su biyun suna haɗuwa kafin Gashuwa. Daga nan ne ake kiran ruwan Kumadugu Yobe. Ya wuce Gaidam, ya karɓi wani ƙaramin reshe mai suna Kumadugu Gana a wajen Damasak, ya zama iyaka tsakanin Najeriya da Nijar, ya bi ta gefen Difa, sannan ya faɗa Tafkin Chadi tsakanin Boso ta ɓangaren Nijar da Malam Fatori ta ɓangaren Najeriya.

Kalmar "kumadugu" ta Barebari ce, kogi take nufi. Jihar Yobe kuma, wadda aka ƙirƙiro a 1991, daga wannan kogi ta samo sunanta. Ku lura da wata al'ada tamu: kowane gari da sunansa yake kiran kogi. Bawudile ya ce kogin Wudil, Bahaɗeje ya ce kogin Haɗeja. Ba laifi ba ne, sai dai yana sa mutum ya manta cewa ruwa ɗaya ne ake ta sauya wa suna.

> Akwatin kalmomi na 1
> Mafari: wurin da kogi ya taso, yawanci a kan tudu ko tsauni.
> Reshe: ƙaramin kogi ko rafi da ke zuba ruwansa cikin babba.
> Magama: inda koguna biyu suka haɗu.
> Mashiga: inda kogi ya ƙare, ya zuba cikin tafki ko teku.
> Matattarar kogi: dukkan faɗin ƙasar da ruwan samanta ke gangarowa cikin kogi ɗaya.

Kalmar ƙarshe ita ce ta fi wuyar kamawa, don haka bari mu kawo ta gida. Ku dubi rufin kwano. Duk ruwan da ya sauka a gefe ɗaya na rufin indararo ɗaya yake bi. Wanda ya sauka a ɗaya gefen kuwa wani indararon zai bi. Rufin shi ne matattara, indararo shi ne kogi, ganga ita ce tafki. Doron rufin kuma shi ne ke raba ruwa biyu. Tsaunin Jos irin wannan doro ne: ruwan da ya sauka a wani gefensa ya nufi kogin Kaduna, na wani gefen ya nufi Binuwai, na arewa maso gabas kuma ya nufi Tafkin Chadi.

Misali na 1. A ce rufin ɗakinka tsawonsa mita 10, faɗinsa mita 6. An yi ruwa milimita 20 a dare ɗaya. Lita nawa ya sauka a kan rufin?

Faɗin rufin: 10 × 6 = murabba'in mita 60.
Ka'ida: ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne.
Saboda haka 60 × 20 = lita 1,200.
Ganga tana cin lita 200, wato ganga 6 ke nan daga rufin ɗaki guda.

Idan ɗaki ɗaya ya tara haka, sai ku auna abin da dazuzzuka da gonakin jihohi huɗu ko biyar za su tara.

2. Gangara

Ruwa ba ya hawa tudu. Abin da ke tafiyar da shi gangara ce, kuma kaifin gangara shi ke yanke hukuncin irin halin da kogi zai yi.

Jos tana kimanin mita 1,200 bisa teku. Kano tana wajen mita 480. Tafkin Chadi kuwa yana kimanin mita 280. A can sama, inda gangara ke da kaifi kuma ƙasa dutse ce, ruwa gudu yake yi. Yana yagar gaɓa, yana kwasar yashi da laka, shi ya sa ruwan farkon damina ja ne kamar kunun kanwa. Da ya baro ƙasar dutse ya shigo shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, sai ƙarfinsa ya mutu.

Misali na 2. Daga Kano zuwa bakin tafkin, a miƙe, kimanin kilomita 550 ne. Bambancin tsayi kuma 480 − 280 = mita 200. Nawa ƙasa ke sauka a kowace kilomita?

Mita 200 santimita 20,000 ne.
20,000 ÷ 550 = kimanin santimita 36.

Wato ka yi tafiyar kilomita guda cur, ƙasa ba ta sauka ko kamu ɗaya ba. Kuma wannan a miƙe ke nan. Kogi kuwa ba ya tafiya a miƙe, lanƙwasa yake yi kamar maciji, don haka gangarar da yake samu ba ta ma kai haka ba. Gabas da Haɗeja abin ya fi tsanani, ƙasa ta kusa zama faifai.

> Akwatin kalmomi na 2
> Gangara: yadda ƙasa ke sauka daga wuri mai tsayi zuwa mai ƙasa.
> Zaizaya: yadda ruwa ke cin ƙasa yana tafiya da ita.
> Jibgewa: yadda ruwa ke sauke yashi da lakar da ya ɗauko idan gudunsa ya ragu.

Kuna iya ganin jibgewa da idonku. Ku ɗebi ruwan kogi na damina a kwalba, ku girgiza, ku ajiye. Kafin ku gama gaisawa yashi ya kwanta a ƙasa. Laka kuwa sai ta kwana. Haka kogi yake yi: yashi yake fara saukewa, laka mai laushi kuma sai ya kai ta can cikin fadama inda ruwa ya tsaya cik. Wannan laka ita ce takin da manomin fadama ke samu ba tare da ya sayi ko mudu ɗaya ba.

3. Inda kogi ke ramewa

Nan ne zuciyar darasinmu, don haka za mu ɗan zauna.

Abin da aka saba gani shi ne kogi yana ƙara girma idan yana gangarawa, domin rassa suna ta ƙara masa. Neja a Lakwaja ya fi Neja a Yawuri. Kumadugu Yobe kuwa akasin haka yake. Ruwan da ke wuce Gashuwa bai kai wanda ya shigo fadamun Haɗeja da Katagum ba, wanda ke isa Difa kuma bai kai na Gashuwa ba. Kamar mai ɗauke da buhun gero mai huda ne: yana tafiya buhu yana sauƙi. Dalilai huɗu ne.

Na farko, ruwan sama yana raguwa idan aka nufi arewa maso gabas. Jos tana samun sama da milimita 1,200 a shekara. Nguru wajen 500 take samu. Difa kuwa kimanin 300. Saboda haka ƙasar da kogin ke ratsawa a rabinsa na ƙarshe ba ta da abin da za ta ba shi, karɓa ma take yi.

Na biyu, ƙasa tana sha. Daga mafari har wajen Wudil dutse ne a ƙarƙashi, ruwa ba ya nutsewa sosai. Daga nan zuwa gabas kuwa yashi ne da laka jibge a kan juna, zurfin mita masu yawa. Yashi ba ya riƙe ruwa a sama. Amma ruwan da ya nutse bai ɓata ba. Shi ne ke cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da gaɓa, shi ne mai noman rani ke zuƙowa da injin ban-ruwa. Duk wanda ya taɓa zuwa bakin kogin nan a watan Maris ya ga yadda ake yi: kogi ya ƙafe ƙaf, yashi fari yana ƙuna a tafin ƙafa, sai mace ta durƙusa a tsakiyar kwarin, ta tona da ƙwarya. Kamu ɗaya, kamu biyu, yashi ya fara duhu, sannan ruwa ya tsattsafo a hankali. Ta jira ya kwanta, ta riƙa kamfata da moɗa tana zubawa a tulu, tana kaffa-kaffa kada gefen ramin ya rufta. Kogin yana nan, ya dai koma ƙarƙashi ne.

Na uku, rana tana ɗauka. A wannan yanki, ruwan da ke shimfiɗe a fili yana iya rasa zurfin kusan mita 2 ko fiye a shekara ta hanyar tashi tururi. Ku kwatanta da ruwan saman da ke sauka, wanda bai kai rabin mita ba a wurare da yawa.

Na huɗu, kogin yana bazuwa. Tsakanin Haɗeja, Nguru da Gashuwa akwai tsofaffin tuddan yashi da iska ta jera tun zamanin da hamada ta taɓa kaiwa nan. Jigayi ne dogaye, sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Da ruwa ya iso, sai ya rarrabu a tsakaninsu kamar yatsun hannu. Wani ya bi mashigin Marma ya faɗa tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, wani ya bi tsohuwar hanya, wani ya malale cikin fadama. Wannan wuri shi ake kira dausayin Haɗeja da Nguru. A shekarun 1960 ruwa kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a nan. Bayan fari da gina madatsun ruwa, an yi shekarun da bai kai 1,000 ba. Ruwa kuwa muddin ya bazu, ya ba rana da yashi fuska ke nan.

> Akwatin kalmomi na 3
> Fadama: ƙasar gefen kogi da ruwa ke hawa a damina ya janye da rani.
> Dausayi: wuri mai laima, inda ruwa ke daɗewa, ciyawa ba ta bushewa da wuri.
> Ƙafewa: tashin ruwa tururi saboda zafin rana da iska.
> Nutsewa: shigar ruwa cikin ƙasa.
> Ruwan ƙarƙashin ƙasa: ruwan da ke kwance cikin yashi, wanda rijiya ke tararwa.

Misali na 3. A ce ruwa ya kwanta a fadama mai faɗin hekta ɗaya, rana tana ɗaukar milimita 5 kullum. Ganga nawa ke tashi a yini?

Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce.
10,000 × 5 = lita 50,000.
50,000 ÷ 200 = ganga 250.

Ganga 250 kowace rana daga hekta guda, ba wanda ya ɗiba, ba wanda ya ga tafiyarsu.

Wasu masu tsara ayyukan ruwa sun daɗe suna kallon wannan a matsayin asara, suna cewa gara a tare ruwan a sama kafin ya je ya watse a banza. A ganina wannan lissafi ne na wanda bai zauna a wurin ba. Ruwan da ya "watse" shi ne shinkafar fadama. Shi ne burugu da roba da shanun Fulani ke ci da rani. Shi ne makwancin da kifi ke ƙyanƙyasa, karfasa da tarwaɗa da kurungu. Shi ne giyayya da bagaruwa da gorubar da ake saƙa tabarma da kabarta. Har tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai nan suke sauka, musamman a Dagona. Saboda muhimmancin wurin ne aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000.

4. Shekarar kogi

Kogi yana da kalandarsa, kuma ba daidai take da ta ruwan sama ba.

A Wudil da Jama'are ruwa yana kai ƙololuwa a Agusta zuwa farkon Satumba. A Gashuwa sai wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. A Difa kuwa sai Nuwamba, wani lokaci har Disamba, ana cikin hunturu. Ambaliyar da ta ci unguwanni da gonaki a Difa a 2019 cikin Oktoba ta zo, bayan damina ta wuce. Daga nan ruwa ya fara ja, zuwa bazara kuma sai kududdufai a nan da can.

Misali na 4. Ga yadda za ku auna gudun ruwa ba tare da wata na'ura ba. Ku auna mita 20 a gaɓa, ku kafa sanda a kowane ƙarshe. Mutum ɗaya ya jefa guntun kara a sandar farko, wani ya duba agogon waya. A ce karan ya iso sanda ta biyu cikin sakan 40.

20 ÷ 40 = rabin mita a sakan.
A awa ɗaya: 0.5 × 3,600 = mita 1,800.
A kwana ɗaya: 1.8 × 24 = kimanin kilomita 43.

Da wannan gudu, tafiyar kilomita 550 kwana 13 ce. To me ya sa cikar kogi ke ɗaukar wata biyu zuwa uku kafin ta kai Difa? Domin ruwa ba ya wuce rami sai ya cika shi. Kowace fadama, kowane kududdufi, kowane tsohon kwari sai ya ƙoshi tukuna, sannan ragowar ta yi gaba. Dausayi kamar soso yake: ya sha da sauri, ya saki a hankali.

Mutanen gaɓa sun gina rayuwarsu a kan wannan jinkiri. Ana shuka shinkafa kafin ruwa ya hau. Idan ya fara ja, ana bin sawunsa da wake da sauran amfanin da laimar ƙasa ke isar su. Masunta suna kafa mali da dumba a mashigai, daidai lokacin da kifi ke komawa kwari daga fadama. A ƙasar Bade ana bikin kamun kifi a Gogaram idan ruwa ya ragu. A Difa da kewaye, tattasai ne sarki: ana ba shi ruwan kogi, a shanya shi ja wur a kan yashi, a ɗura a buhu a kawo kasuwannin Najeriya. Ko gaiwa ta san kalandar. Da ta ji ruwa zai ƙafe sai ta nutse cikin taɓo, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta har wata damina.

Ba yau aka fara zama a nan ba. Kufan Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15 ya zama hedikwatar daular Borno, yana gabas da Gaidam, kusa da wannan kogi.

5. Mashiga da tafki

Yawancin manyan koguna teku suke nufa. Kumadugu Yobe bai san teku ba. Tafiyarsa a Tafkin Chadi take ƙarewa, tafkin da ƙasashe huɗu suka kewaye: Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru. Su huɗun ne suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964.

Gaskiyar magana, a ma'aunin tafkin koginmu ƙarami ne. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kawowa daga kudu yake zuwa, ta kogin Shari da reshensa Logon, waɗanda suka haɗu a Injamena. Abin da Kumadugu Yobe ke kawowa bai kai kashi 5 ba. Sai dai darajarsa a wurin da yake shiga take. Tafkin ba shi da zurfi, 'yan mitoci ne kawai, kuma akwai wani doro da ya ratsa tsakiyarsa. A 1963 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Da farin 1973 ya zo, ruwa ya ja, doron ya fito, tafki ya rabu biyu: ƙwaryar kudu da ƙwaryar arewa. Shari ƙwaryar kudu yake cikawa, sai ta tumbatsa ne ruwa ke tsallakawa arewa. A tsakiyar shekarun 1980 ruwan fili bai kai murabba'in kilomita 2,000 ba, ƙwaryar arewa kuma ta sha bushewa. Kumadugu Yobe shi ne kogin kirki guda ɗaya da ke zuba kai tsaye cikin wannan ƙwarya ta arewa. Tun daga lokacin tafkin yana ƙaruwa yana raguwa gwargwadon damina, shi ya sa bakin ruwa ba ya zama wuri ɗaya. Garin da yake gaɓa bana yana iya zama tafiyar yini daga ruwa baɗi.

> Akwatin kalmomi na 4
> Tafki: ruwa mai yawa da ke kwance, ƙasa ta kewaye shi.
> Rufaffen tafki: tafkin da koguna ke shiga amma babu kogin da ke fita.

Ga wata tambaya da ta cancanci tunani. Ruwan kogi yana ɗauke da ɗan gishiri kaɗan da ya narko daga ƙasa. Idan ruwa ya tashi tururi, gishirin baya yake zama, kamar farin da ke fitowa a gindin tukunyar da ta ƙone. Rufaffen tafki ya kamata a ce ya yi zartsi. To me ya sa mutane da dabbobi ke shan ruwan Tafkin Chadi? Babban dalili shi ne tafkin yana yoyo ta ƙasa. Wani kaso na ruwansa yana nutsewa cikin yashi, yana tafiya da gishirin. A kwaruruwan da ke arewa maso gabas da tafkin, a ƙasar Kanem, wannan ruwa yana tsattsafowa ya bushe, ya bar kanwa. Wata kanwar da ke cikin miyarku daga can ta fito.

Rikicin Boko Haram, wanda ya tsallaka zuwa Boso da Difa a watan Fabrairun 2015, ya raba dubban mutane da wannan gaɓa, ya kuma gurgunta cinikin banda da tattasai na tsawon shekaru.

6. Hannun mutum a kan kogi

A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, a 1992 kuma aka kammala ta Chalawa a ƙasar Ƙaraye. Amfaninsu a fili yake. Tumatir da shinkafa da alkamar Kadawa, Kura da Bunkure ruwan Tiga ne. Famfunan birnin Kano ma daga waɗannan koguna suke sha.

Amma madatsa tana sauya kalandar kogi. Tana rage babbar cikar damina wadda fadama ke jira, sannan tana sakin ruwa kaɗan-kaɗan da rani, lokacin da kwari ya saba bushewa. Wannan ya yi wa wata ciyawa daɗi, wadda mutanen yankin ke kira kacala. Da can rani ne ke kashe ta. Da ta samu laima shekara cur, sai ta yi tsayi ta fi mutum, ta cushe mashigai. Ruwa ya rage gudu a cikinta, laka ta kwanta, hanya ta toshe. Abin da ya biyo baya shi ne ruwan Haɗeja ya karkata zuwa Marma da Nguru, inda ya yi yawa har ya cinye gonaki da makiyaya, tsohuwar hanyar da ke kai shi Gashuwa kuma ta ƙanƙance. Wani yana kukan ruwa ya yi masa yawa, maƙwabcinsa na gangare yana kukan bai gan shi ba. Kacalar kuma ta zama maɓoyar jan-baki, tsuntsayen da ke sauka kan shinkafa kamar hadari. Ƙauyuka sukan yi gayya su shiga ruwa da adda da lauje suna sara, hukuma kuma takan kawo injin yasa, amma ciyawar tana dawowa.

Saboda haka mafi yawan ruwan da ke wuce Gashuwa a yau na Jama'are ne, kogin da ba a datse shi da babbar madatsa ba. Wannan ne ya sa maganar madatsar Kafin Zaki a jihar Bauchi, wadda aka fara aka dakatar, take tayar da jijiyar wuya. Mutanen sama suna hangen noman rani. Mutanen Yobe da Borno suna tambayar abin da zai rage musu.

> Akwatin kalmomi na 5
> Madatsar ruwa: ginin da ake tare kogi da shi don tara ruwa. Ana kuma ce mata dam.
> Mutanen sama: waɗanda ke zaune ta wajen mafari.
> Mutanen gangare: waɗanda ke zaune ta wajen mashiga.
> Yasa: kwashe laka da ciyawa daga kwari don ruwa ya samu hanya.

Tambayoyin bita

*A. Cike gurbi*

1. Kogin Kano da kogin Chalawa sun haɗu a wajen ________.
2. Inda kogi ya zuba cikin tafki ana kiransa ________.
3. An kammala madatsar Tiga a shekarar ________.
4. Kogin da ke kawo wa Tafkin Chadi mafi yawan ruwa shi ne ________.

*B. Amsa da baki ko a rubuce*

5. Jera waɗannan garuruwa yadda ruwa ke bin su: Difa, Wudil, Gaidam, Haɗeja, Gashuwa.
6. Kawo dalilai huɗu da ke sa Kumadugu Yobe raguwa yayin da yake gangarawa. Wanne ne a cikinsu ke amfanar mai rijiya?
7. Me ya sa kogi ke cika a Difa bayan damina ta wuce?
8. Babu kogin da ke fita daga Tafkin Chadi, amma ana shan ruwansa. Yi bayani.
9. Ta yaya sakin ruwa da rani ya taimaki kacala?

*C. Lissafi*

10. Rufi mai tsawon mita 12 da faɗin mita 5 ya samu ruwa milimita 30. Lita nawa ke nan? Ganga nawa?
11. Kara ya yi tafiyar mita 30 cikin sakan 60. Kilomita nawa ruwan zai yi a awa ɗaya?
12. Fadama mai hekta 3 tana rasa milimita 6 a yini. Ganga nawa ke tashi a mako?

*D. Aikin gida da tattaunawa*

13. Zaɓi rafi ko gulbin da ya fi kusa da garinku. Tambayi dattawa uku inda ya taso, inda ya ƙare, da watan da yake cika a da da yanzu. Zana taswirarsa a takarda, ka nuna mafari, magama, fadama da mashiga.
14. Ku rabu gida uku a aji: manoman rani na Kura, masuntan Nguru, da masu tattasai na Difa. Kowane rukuni ya faɗi watan da yake buƙatar ruwa da yawan da yake so. Sannan ku tsara tare lokacin da ya kamata a buɗe madatsa da lokacin da za a rufe ta.